Kwaɗo Mai Gadin Ruwa

Gatanan gatananku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, mun matso.

Wata shekara kogi ya yi ambaliya, ya shanye gonakin shinkafa. Karfasa, uwar kwaɗayi, ta kwashi 'ya'yanta suka shiga kiwo.

Tarwaɗa ta ce, "Ƙawata, ruwan nan ba zama ya zo yi ba. Ranar da ya fara janyewa, ki kama hanyar kogi."

Karfasa ta ɗauki Kwaɗo gadi. Malalacin ya samu wani goran masunta yana yawo a kan ruwa, ya ɗare, ya saki ƙafafu.

Kullum sai ta tambaye shi, "Malam Kwaɗo, ruwa ya ragu?"

Sai ya ce, "Ina fa! Yana nan a idon sawuna, inda yake jiya."

Ashe ruwa na sauka, gora na sauka da shi.

Rannan gora ya zauna daram a taɓo. Hanyar kogi ta ƙafe, ga Zalɓe yana tahowa, taku ɗai-ɗai.

Karfasa ta ce, "Kwaɗo, ka kashe mu!"

Kwaɗo ya dubi ƙafarsa ya ce, "Wallahi ko ɗazu a nan yake." Ya yi tsalle ya bar su.

Ƙurunƙus kan karfasa. Ni ma a bakin Zalɓe na ji ta.