Azarar Kurege a Ɗakin Bushiya

Ga ta nan, ga ta nanku, yara.

Ta zo mu ji ta, Baba.

A wani gari, tsohuwa Bushiya ta gina soro. Gini ya kai rufi, babu azara. Sai ta je wurin Kurege mai sayar da azara.

Ta ce, "Maƙwabci, ba ni bashi, da kaka in biya ka da gero."

Ya ce, "Ɗauki, Iya."

Kaka ta yi, fara ta cinye gonar Bushiya. Kurege ya zo, ta ba shi haƙuri. Shekara ta zagayo, aka yi fari. Ya zo, ta ba shi ruwa ya sha. A ta uku bai zo ba, sai sammaci.

Alƙali Dila ya ce, "Ɗaki na Bushiya ne, amma yana jingine a hannun Kurege. In kaka mai zuwa ba a biya ba, ya zama nasa."

Bazara ta yi, kowa ya hau soronsa yana yaɓe, don ɗakin ƙasa sai an toshe masa tsaga kafin ruwa ya sauka. Bushiya ta kwaɓa ƙasa, ta kafa tsani. Sai ta tsaya. A ranta ta ce, "In yaɓe wa Kurege ɗaki?" Ta koma ta zauna.

Kurege ya leƙo. "Iya, rufin nan ya tsage fa."

"To hau mana, ai naka ne."

"Ni nake kwana ciki? Naki ne."

Ruwan farko, ɗaki ya yi yoyo, ta tara ƙwarya. Ruwa na biyu, azara ta jiƙe ta fara ruɓewa, sai ga Gara da jama'arta.

Gara ta yi sallama ta ce, "Ɗakin nan na wane ne?"

Bushiya ta ce, "Tambayi alƙali."

"Madalla. Irinsa muke nema."

Ruwa na uku, rufi ya rufta. Da ƙyar Bushiya ta fito da ranta.

Kurege ya sheƙo a guje, ya jawo azararsa, ta marmashe a hannunsa. Suka zauna bisa tulin ƙasa, ba mai duban wani. Can gefe ga tsani a kafe, ga kwaɓin Bushiya ruwa ya tafi da shi.

Ta ce, "Aikin yini guda ne fa."

Ya ce, "Da na riƙe miki tsanin."

Yara, in kuna jayayya a kan abu, ku fara kare shi daga ruwa. Shari'ar nan Gara ce ta ci ta.

Ƙurunƙus kan ɗan ɓera.