Reshen da Maigida Ya Sare

Akwai wani mutum, ɗan ƙasar koguna da mangwaro, wanda aure ya kai shi bakin hanyar hamada. Ya auri wata mace ta can mai suna Laraba, kuma da yake ita kaɗai iyayenta suka bari, sai ya yarda su zauna a gidan mahaifinta, kusa da rijiyar da matafiya ke sauka.

Hanyar nan ba ta yi wa baƙo fara'a. Tana fitowa daga cikin baƙaƙen duwatsu da suka yi kamar an toya su, ta bi ta kan falalen dutse inda ko sawun raƙumi ba ya zama, ta gangara wata farar ƙasa mai kanwa, sa'an nan ta shige tsakanin tuddan rairayi. A inda ta tsallake wata busasshiyar ƙorama, nan gidan yake. Ruwan ƙoramar yana can kwance a ƙarƙashin yashi, amma sai itace mai doguwar saiwa yake kai gare shi. A bakinta kuwa akwai wani babban gawo, wanda kakan Laraba ya yi rainonsa tun yana tsiro, yana kewaye shi da ƙaya saboda bakin awaki. 'Ya'yan gawon nan ne abincin awakin gidan in ciyawa ta ƙare, nonon awakin kuma shi ne ke riƙe da gidan. Mutumin bai san haka ba, gama da farkon damina ya zo, kuma a garinsu babu gawo.

Ruwan saman can ba ya daɗewa, amma in ya sauka ƙasa ba ta ɓata lokaci. Guna ta shimfiɗu a kan rairayi, tafasa ta cika bakin ƙorama, tumfafiya ta yi fure, har tsagar dutse ta fid da ciyawa. Mutumin ya yi murna ƙwarai, ya ce ashe wurin nan ma ya san kore. Gawo kaɗai ya ƙi shiga bikin. Sai ma ya zubar da ɗan ganyen da ya rage masa, ya tsaya fari fat, rassa da ƙaya kawai.

Mutumin nan fa mai ƙwazo ne, irin waɗanda in ba su sami abin gyarawa ba sai su ƙirƙiro. Kwamin da awaki ke shan ruwa ya tsage, ga kuma mataccen itace, a ganinsa, yana tsaye a banza. Wata safiya da Laraba ta tafi tsinkar tafasa, ya wasa gatarinsa, ya hau, ya fara da babban reshen da ke wajen yamma. Nufinsa in ya gama da rassa ya kayar da gindin, ya sassaƙa sabon kwami.

Laraba ta ji ƙarar faɗuwar reshen. Ta yar da ƙwarya, ta sheƙo a guje.

"Maigida! Me gawon ya yi maka?"

Ya ce, "Ai ya mutu, Laraba. Dubi duniya duk ta yi kore, shi ko ganye ɗaya."

Ta sunkuya ta ɗauki wani ɓallin itacen, ta miƙa masa. "Taɓa ka ji. Haka mataccen itace yake da danshi?"

Ya taɓa, ya ji sanyi a yatsunsa, amma bai so ya sauko da sauƙi ba. "To, in yana da rai, me ya hana shi murna da ruwa kamar sauran?"

Ta ce, "Haka Allah ya yi shi, lokacinsa ne bai yi ba. Ka bar shi ya ga rani. In bai yi ganye ba, ni da kaina zan wasa maka gatarin."

Ya sauko. Ba don ya gamsu ba, sai don ya ga hawaye a idonta, shi kuwa yana ƙaunarta.

Damina ta wuce. Tafasa ta zama tsinke, guna ta bushe, ciyawa ta ƙare ba ta bar kome ba sai ƙarangiya mai kama wando. Baƙaƙen duwatsun nan suka yi zafin da ba a iya dafa su. A lokacin ne gawo ya fid da ganye, ya yi lif, ya cika da 'ya'ya. Da iska ta kaɗa suka fara zubowa, sai awaki su rugo. Nono bai yanke a gidan ba, matafiya kuma suka riƙa durƙusar da raƙuma a gindinsa suna sa albarka.

Sai dai inuwar tana da giɓi. In rana ta karkata, takan shigo ta inda aka sare reshen, ta sauka daidai inda maigida ke shimfiɗa tabarmarsa. Bai janye tabarmar ba. Kullum yana nan zaune, zufa na tsiyaya, kunya ta hana shi motsi.

Ran nan Laraba ta ce, "Maigida, matso nan mana. Inuwar ta ishe mu."

Ya ce, "Bar ni in zauna a wadda na yi wa kaina."

Ta yi dariya, ta nuna masa sama. "Wanda ka sara ma bai riƙe ka a zuci ba. Duba."

Ya ɗaga kai, ya ga ƙananan rassa sun tofo kewaye da tabon gatarin. Ya daɗe yana kallonsu, sa'an nan ya naɗe tabarmarsa ya koma kusa da ita. Daga shekarar, duk tsiron gawon da ya gani a bakin ƙorama, shi ne ke kewaye shi da ƙaya.

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Damina ita ce lokacin da kome ke tafiya daidai a cikin ikkilisiya, ana bikin aure, ana godiyar kaka, ganga na tashi. A irin ranakun nan akwai waɗanda ba a jin su. Ba su iya rawa ba, ba su da muryar waƙa, in an ce su yi addu'a a gaban jama'a sai baki ya sarƙe. Mukan dube su mu ce a zuci, wannan bangaskiyarsa ta mutu. Wani lokaci ma har mu faɗa, maganarmu kuwa ita ce gatarin.

Amma bari rani ya zo. Bari ciwo ya kwantar da kai, ko a yi maka rasuwa, masu ganga su koma gidajensu. Za ka ga wace ce ke kawo kunu da sassafe, wane ne ke zama a ƙofarka ba ya cewa kome. Saiwarsu ta kai ga ruwan rai na Ubangiji a inda idonmu ba ya gani. Ina ƙaunar irin mutanen nan, ina kuwa jin tsoron yadda muke saurin sara.

In kai ne gawon, kada ka raina kanka don ba ka yi kore tare da kowa ba, Allah ya san lokacinka. In kuwa ka taɓa sare wa wani reshe, kada ka zauna cikin rana kana gasa kanka, wannan ba tuba ba ne. Yau in an tashi daga sujada, je ka gaishe shi, ka roƙi gafara. Mai yiwuwa ka tarar ya daɗe da matsa maka wuri a inuwarsa.