Jirgin Ƙasan Kyaftin

Akwai wani bawan Allah, makanikin injin jirgin ruwa, da abokan aikinsa ke tsokana da suna Kyaftin, alhali kullum yana can ƙasa cikin zafi da baƙin mai.

Tun 'yarsa tana rarrafe ya tafi, yanzu har tana gudu. Gimbiya ake ce mata a gida. In an kira shi a waya aka nuna mata fuskarsa, sai dai ta lashi gilashin wayar ta yi gaba.

Idan aiki ya lafa, yakan hau sama ya jingina da ƙarfen gefen jirgi, ya zuba wa teku ido. A ransa yana ganin ya tura ƙofa, ta sheƙo da gudu, ta ce "Baba!" Bai taɓa jin kalmar daga bakinta ba, kuma ita kaɗai yake so ya ji kafin hutunsa mai zuwa ya ƙare.

Da suka sauka bai zarce gida ba, sai kantin kayan wasa. Can ya hango wani jirgin ƙasa mai batir, kansa ja, da taragai, da layin dogo mai zagaye, da 'yar fitila a goshi. Ya tsaya kamar an dasa shi. Hayaniyar kantin ta yi masa nisa, jirgin kawai yake gani yana zagayawa.

Mai kantin ta matso. "Yallaɓai, shekarar yaron nawa?"

"Mace ce. Biyu da 'yan watanni."

"Anya kuwa? Tayoyin nan ƙanana ne, suna cirewa. Ga agwagwar katako, da igiya ake jan ta."

Kyaftin ya kwashe da dariya. "In ƙetaro teku in kai wa 'yata agwagwa? Ai ta fi shekarunta wayo. Naɗe mini jirgin."

Ku ji fa, mutumin da ko tafiyar yarinyar bai taɓa gani ba.

Da ya isa gida, Gimbiya ta shige bayan uwarta ta ƙanƙame zani. "Ga Baba," in ji uwar. Yarinya ta leƙo da ido ɗaya ta ce, "Baƙo."

Abin ya soke shi, amma ya ce a ransa jirgi zai gyara komai. Ya baje a tsakar falo yana haɗa layin dogo har yamma. Yana danna maɓalli, jirgi ya yi wata ƙara, fitila ta kama walƙiya. Gimbiya ta tsandara ihu ta ruga kicin, ko ruwa ta ƙi karɓa a hannunsa.

Washegari da hantsi ya ga jirgin yana ɗingishi, taya ɗaya babu. Yana cikin dube-dube a ƙarƙashin kujera, uwar ta lura kuncin yarinyar ya kumbura. Ta durƙusa, ta lallaɓa ta, ta zura yatsa, ta zaro tayar jiƙe da yawu.

Kyaftin ya karɓi tayar ya cusa a aljihu.

Mahaifiyarsa, wadda ke zaune tare da su, ta yafito shi daga kujerarta ta bakin taga.

"Zo nan, kai. Ka tuna kantin da ke hanyar makarantarku? Kullum sai na janye ka daga gilashinsa, hancinka ya bar shaida a jiki. Irin wannan jirgin kake kallo, har jan kan. Ni kuwa ban samu halin saya maka ba."

Ya sunkuyar da kai.

"To faɗa mini gaskiya. Wa ka sayo wa? Ita, ko yaron nan mai manna hanci a gilashi?"

"Inna..." Idonsa ya ciko.

Ya mayar da jirgin cikin kwali ya ɗora a saman kabad. Daga nan ya koma zaman ƙasa, ba ya kiranta, ba ya miƙa mata hannu, kallo kawai yake. Sai ya ga abin da take yi duk yini: ta ɗaura ɗankwalin uwarta a jikin silifas, tana ja daga ɗaki zuwa ɗaki, tana waiwaye tana cewa, "Zo, zo."

Hutu ya kusa ƙarewa ya koma kantin, kai a ƙasa. Mai kantin ta yi murmushi ta miƙo agwagwar.

A gida bai ba ta ba. Da gwiwa ya riƙa zagaya falo yana ja, agwagwa na bin sa ƙwas-ƙwas-ƙwas, shi kuma ya yi kamar bai san da kowa ba. Gimbiya ta leƙo daga bayan labule. Ta fito. Ya saki igiyar a hankali, ta ɗauka.

Can igiyar ta harɗe a ƙafar kujera. Ta ja, ta ƙi. Ta dubi uwarta, uwar ta yi kamar tana ninke kaya. Ta dubi kakarta, tsohuwa ta rufe ido wai barci.

Sai ta tako, ta kama babban yatsansa mai tabon baƙin mai, ta ja shi.

"Baba, cire."

Ya cire, da ƙyar yake ganin igiyar don hawaye.

Jirgin yana nan a saman kabad yana jiran Gimbiya ta girma. Sai dai matarsa ta ce, in yarinyar ta yi barcin rana, takan ji ƙarar jirgi ƙasa-ƙasa daga uwar ɗaki. In ta leƙa, sai ta ga Kyaftin a kwance rubda ciki yana kallon fitilar tana zagayawa, tsohuwa kuma a gefen gado tana kallonsa.

Darasi: Kafin ka saya wa yaro abin wasa, zauna ƙasa ka ga irin wasan da yake yi, ka dubi shekarunsa, ka guji ƙananan abubuwan da zai iya haɗiyewa. Kada ka ba shi burin yarintarka a madadin abin da hannunsa zai iya riƙewa. Ku tura wa iyaye, kawunnai da gwaggonni kafin su shiga kanti a wannan hutun.