Alkamar Ƙarshe ta Abu Bassam

Akwai wata dattijuwa mai suna Nuhad, wadda kowa ke kira Ummu Bassam. 'Yar wani ƙauye ce a tsaunukan Lebanon, inda dusar ƙanƙara kan toshe hanya har mutum ya kasa leƙa maƙwabcinsa. Bayan rasuwar mijinta ta yi hunturu ɗaya ita kaɗai, gwiwoyinta suka fara ciwo. Sai ɗanta Bassam ya je ya ɗauko ta, ya kawo ta nan Sohar, bakin tekun Oman, inda yake aiki a tashar jiragen ruwa.

Da akwati biyu ta zo. Ɗaya na tufafi, ɗayan kuwa buhun ɓarzajjiyar alkama ne. Ita ce ragowar alkamar da mijinta, Abu Bassam, ya noma a shekararsa ta ƙarshe. Gonar an sayar da ita, don haka in wannan buhun ya ƙare, shi ke nan, babu wani.

Ta ajiye shi ne don kishk. Kowane watan Satumba matan ƙauyensu sukan jiƙa alkama da kindirmo, su yi ta cuɗawa kullum har ta yi tsami, su shanya a saman gida, sannan su taru su murje ta ta zama gari. Da garin ake dama miyar da ke ɗumama ciki in sanyi ya kama. A gidanta kuwa akwai doka ɗaya: kwanon farko na sabon kishk na Abu Bassam ne. Bara ma, bayan ba ya nan, ta zuba ta ajiye a inda yake zama. Ta zauna tana kallon kwanon har ya huce.

Gaskiyar magana, Ummu Bassam ba ta zo Sohar da niyyar son garin ba. Ruwan famfo da rana tsaka kamar an ɗora shi a wuta. Tumatir ba shi da ƙamshi. In ta buɗe ƙofa gilashin idonta ya yi hazo. Komai ta gani sai ta ce, "A garinmu ba haka ake yi ba."

Katanga ɗaya ta raba su da gidan Shamsa, Ummu Hamud, mace mai faɗin fuska da dariya mai ƙarfi, wadda ƙamshin turarenta kan riga ta shiga ɗaki. Da ɗanyen dabino ya fara nuna, kamar yadda muka saba a nan, ta cika faranti mai zanen shuɗin fure ta aika wa baƙuwar.

Ummu Bassam ta wanke farantin ta mayar da shi fanko.

Kada ku ce ba ta san al'ada ba. A ƙauyensu ma ba a mayar da farantin maƙwabci haka nan. Rima, matar Bassam, ta ce mata, "Mama, ko ɗan biskit mu sa a kai mana."

"Ni na roƙe ta? Ba zama na zo yi ba balle in fara ƙulla zumunci."

Farantin ya ci gaba da zuwa duk lokacin da wani irin dabino ya nuna, ya ci gaba da komawa fanko. Shamsa ko a jikinta. Ta taɓa ce wa Rima, "Bar ta, 'yata. Ai wankinta yana da kyau, farantin nan bai taɓa ƙyalli haka ba."

Satumba na kamawa, Ummu Bassam ta raba buhun gida biyu. Ta jiƙa rabi, ta yi ta cuɗawa kowace safiya a ɗaki mai sanyi har tsamin ya yi mata daidai. Ranar shanya ta ja gwiwoyinta ta hau saman gida, ta shimfiɗa fararen zannuwa, ta shiga gutsuttsura ƙullun tana jerawa.

Shamsa tana nata saman tana kwashe wanki. Ta leƙo ta kan katanga.

"Sannu da aiki, Ummu Bassam. Me ake shanyawa haka?"

"Kishk ne. Ba ku san shi ba."

"Ban san shi ba kam. Amma na san iskar nan. Taɓa rigar maigidana Abu Hamud ki ji, tun jiya take kan igiya, har yanzu kamar yanzu aka fito da ita daga ruwa. Watan nan teku ne ke numfashi a kanmu. Abinki ba zai bushe ba, 'yar'uwa."

Ummu Bassam ta ɗago, ta gyara gilashi. "Tun kafin a haifi Bassam nake wannan aikin. Satumba ake yi. Uwata a Satumba ta yi, kakata ma haka. Ga rana kamar za ta ƙona mutum, ki ce ba zai bushe ba?"

"Rana kam akwai ta, har mu ba wasu aro. Iskar ce babu."

Ummu Bassam ta juya mata baya ta ci gaba da jeri.

Kwana na farko ƙullun ya yi ta zufa. Na biyu ya fara yauƙi. Da ta hau a safiya ta uku, tun daga matakala wari ya tare ta. Fumfuna ta rufe zannuwan, kore da baƙi, ƙudaje sun yi sansani a kai.

Ta zauna a ƙasa daɓas. Ba asarar kindirmo ce ta dame ta ba. Tunawa ta yi da Abu Bassam a tsakiyar gona, hularsa ta jiƙe da gumi, yana murza zangarniya a tafin hannu yana ce mata bana an samu. Rabin abin da ya bar mata ke nan ta ɓata da hannunta. Ta yi kuka irin wanda ba ta yi ba ko ranar jana'izarsa.

Da Bassam ya dawo aiki ta ce masa, "Ka saya mini tikiti. In kai ragowar alkamar gida in yi kishk ɗin a inda ya saba."

"Mama, wa zai hau miki saman gida a can? Wa zai faso miki itace in sanyi ya zo?"

"Allah na nan."

"Na san Allah na nan. Bara ma yana nan kika faɗi a ƙofar gida, sai da rana ta ɗaga aka gan ki."

Ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta fara ninke kaya. Bassam ya san halin uwarsa, in ta ƙulla abu ba mai kwance shi. Ya zauna ya rasa abin da ke masa daɗi.

Washegari da hantsi aka buga ƙofa. Shamsa ce da kanta, da butar gahawa a hannu ɗaya, faranti mai shuɗin fure cike da dabino a ɗayan. Ba ta jira an ce ta zauna ba.

Ummu Bassam ta sha mur. "Kin zo ki ce kin gaya mini?"

"Da niyyar haka na fito, wallahi. Har na shirya yadda zan faɗa. Sai na ga idonki ya kumbura, maganar ta gudu." Ta tsiyaya gahawa ta miƙa mata. "Sha. Kin ɗauka ni 'yar bakin teku ce? Daga cikin duwatsu Abu Hamud ya auro ni. Shekarar da na zo, babana ya aiko mini da dabinon gonarmu, na shanya a saman nan kamar yadda muke yi a gida. Surukata ta ce kada, na ce me tsohuwar nan ta sani. Duk ya ruɓe. Na yi kuka har Abu Hamud ya ce ko mutuwa aka yi ba a gaya masa ba."

Ummu Bassam ta kalle ta. Karon farko ke nan da ta kalle ta sosai.

"Rima ta ce saura rabi," in ji Shamsa. "Ƙauyenmu ba nisa a mota. Can iska a bushe take, ki wanke mayafi kafin ki idar da salla ya bushe. Yayata Moza tana da awaki, tana da fili inda muke shanya dabino. Ki ba ni alkamar nan amana."

"In wannan ma ya lalace fa? Ba ni da wani, Ummu Hamud. Shi ke nan abin da ya rage mini na mutumin nan."

"Na sani. Shi ya sa ban aiko yaro ba, na zo da ƙafata."

Ummu Bassam ta ajiye kofin gahawa. Can ta miƙa hannu ta ɗauki dabino ɗaya daga farantin ta kai baki. Ta tauna a hankali, ta ce, "Ya cika zaƙi." Sannan ta ɗauki na biyu.

Aka aiko da kindirmon akuya daga ƙauyen su Shamsa. Kowace safiya Shamsa ta shigo da gahawarta, ta zauna tana kallon cuɗa tana tsokana.

"Yanzu wannan abu mai wari kuke ci, kuke raina kifinmu?"

"Ke da kike zuba busasshen lemon tsami a komai har shayi, ke ce za ki yi maganar wari?"

Wata ranar Juma'a Bassam ya kwashe su a mota. Suna barin bakin teku suka shiga tsakanin duwatsu, Ummu Bassam ta sauke gilashin mota ta fitar da hannu. Iskar da zafi, amma a bushe. Ta shaƙa ta sake shaƙa.

Suka shimfiɗa zannuwa kusa da tabarmin dabinon Moza. Kwanakin da suka yi a can, Ummu Bassam ba ta yarda ta yi nisa da shanyar ba. Tana juyawa, tana shinshinawa, tana korar awaki da sanda. Ƙullun ya yi fari, ya tsage, ya bushe ƙamas.

Sai a lokacin wata damuwa ta taso mata. Murzar kishk ba aikin mutum ɗaya ba ne. A ƙauyensu mata ke zagaye zani, kowacce ta kawo hannunta da labarinta. Ta dubi tarin, ta dubi yatsunta da suka kumbura.

Ashe Shamsa ta riga ta zagaya gida-gida. Bayan la'asar sai ga mata suna shigowa, tsofaffi da matasa, kowacce tana naɗe hannun riga.

"To, malama," in ji Moza, "ga ɗalibai. Yaya ake yi?"

Ummu Bassam ta zauna a tsakiya ta nuna musu. Nan da nan muryarta ta dawo irin ta da.

"Ba haka ba, 'yata, ba wanki kike yi ba. A hankali, da tafin hannu. Ke kuma Ummu Hamud, murza kike yi ko ci?"

"Ɗanɗanawa nake, kada ki ba mu guba."

Aka yi ta dariya, gari na zuba ta rariya, fari tas. Wata tsohuwa ta tambaye ta wane irin mutum ne mai alkamar. Ummu Bassam ta fara ba su labarinsa, yadda yake rigima da tsuntsaye a gona kamar suna jin magana, yadda bai taɓa yabon girkinta da baki ba sai dai ya miƙo kwano a ƙara. Tana yi tana share ido da gefen mayafi, hannayen matan ba su tsaya ba.

Da suka koma Sohar, ta sa Rima ta rage ƙarfin na'urar sanyaya ɗaki don kada miya ta huce da wuri. Ta soya tafarnuwa da ɗan nama, ta zuba garin, ta dama. Ƙamshin ya cika gidan har Bassam ya fito daga ɗaki ya tsaya a ƙofar kicin kamar yaro.

Ta ɗanɗana. Ta daɗe da cokalin a baki.

"Yaya, Mama? Ya yi kamar na gida?"

"A'a. Alkamar ubanka ce, amma nonon na awakin Moza ne, har da ɗan ƙamshin dabino a ciki." Ta sake ɗanɗanawa. "Da yana nan, da ya miƙo kwano."

Ta ɗebo ludayin farko. Bassam da Rima suka bi ta da ido, don sun san na wane ne. Ta tsaya da shi a hannu, tana kallon kujerar da babu kowa a kai. Sannan ta ce, "Rima, miƙo mini farantin nan mai shuɗin fure."

Ta ɗora kwanon a kan farantin, ta yafa mayafi, ta fita cikin zafin nan da kanta tana ɗingisawa. Shamsa ta buɗe ƙofa, ta dubi farantin, ta dubi mai shi.

"Yau kuma ba a wanke ba?"

"Karɓi ki ci da zafinsa. Tun da aka kai ni gidan Abu Bassam, ba wanda ya taɓa cin kwanon farko sai shi. Bara na zuba, ya huce ba mai ci. Bana ba zai huce ba."

Dariyar Shamsa ta ɗauke. Ta karɓa da hannu biyu, ta zauna nan bakin ƙofa ta cinye tas, hawaye na bin kumatunta. Da ta gama ta miƙo kwanon.

"A ƙara."

Da yamma Bassam ya tambayi uwarsa maganar tikiti. Tana jera kwalaben kishk a kan kanta, ba ta ko juyo ba.

"Wane tikiti? Matan can ko murza ba su gama iyawa ba. In na tafi, wa zai koya musu baɗi?"

Darasi: In Allah ya kai ka wata ƙasa, ba sai ka jefar da al'adar gidanku ba, amma ka saurari waɗanda ka tarar, domin sun riga ka sanin iskar garinsu. Girman kai ya cinye wa Ummu Bassam rabin abin da ta fi so, haƙurin maƙwabciya ya ceto mata sauran. Kai kuma da baƙo ya sauka kusa da kai, kada ka gaji da aika masa alheri ko da farantinka na dawowa fanko. Sau da yawa kewa ce ke damunsa, ba ƙiyayya ba. Ku tura wannan labari ga 'yan'uwanmu da ke zaune nesa da gida, da duk wani maƙwabci da ya taɓa riƙe ku a baƙunta.