Sabuwar Kwamfutar Hajiya Turai

Akwai wani matashi a Jakara mai suna Jibrin, injiniyan kwamfuta ne. Da mahaifinsa muka yi karatu a zaure ɗaya, shi ya sa har yanzu nakan kira shi da sunan uban, shi kuma ya amsa don kada ya ba ni kunya. Yaro ne mai ladabi. Abu ɗaya ne ke yi masa nauyi a baki, ya ce wa babba "wannan ba zai yiwu ba."

Matarsa Shamsiyya 'yar Hajiya Turai ce, tsohuwar ungozoma da ta buɗe ƙaramin asibitin haihuwa kusa da Ƙofar Ruwa. Da mata suka yi yawa, katunansu suka fi ƙarfin kabad, sai Hajiya ta ce wa surukinta ya mayar mata da komai cikin kwamfuta.

Jibrin ya kawo manyan kwamfutoci biyu iri ɗaya, ya ajiye su a wani ɗan ɗaki mai sanyi bayan ɗakin magani. Ya yi musu rumbu guda inda bayanan mata suke, ya sa wata manhaja ta ɗaure su tare. Ɗaya tana aiki, ɗaya tana saurare. In ta farko ta faɗi, ta biyu ta ɗora daga inda aka tsaya.

Ranar da ya yi min wannan bayani a ƙofar masallaci na ce masa, ashe liman ne da na'ibinsa. Idan alwalar liman ta karye ana tsakiyar salla, yakan jawo na bayansa ya ci gaba. Amma sai wanda yake cikin sallar, ya san raka'ar da ake. Ba a jawo mai wucewa a hanya, kome kyan rigarsa.

Ya yi dariya ya ce, "Haka yake, Malam. Masu manhajar ma sun gindaya sharaɗi. Dole biyun su zama tsara, tsarin da ke tafiyar da su ya zama zubi ɗaya. In aka saɓa, ba ruwansu."

Ni ya faɗa wa wannan. Hajiya kuwa, da ta tambaye shi a gaban ma'aikatanta, "Injiniya, in ta lalace fa?" sai ya ce, "Hajiya, wannan ba ta mutuwa."

Maganar ta yi wa Hajiya daɗi. Duk baƙon da ya zo sai ta kai shi ƙofar ɗakin ta maimaita masa.

Bayan wani lokaci Hajiya ta tafi Umara, ta biyo ta Dubai. Ko kuwa Dubai ta fara zuwa, wannan ya kwance min. Ta dai dawo da wani ƙaton kwali. Da Jibrin da Shamsiyya suka je yi mata sannu da zuwa, ta sa aka jawo shi tsakiyar ɗaki.

"Injiniya, ga tsarabarka. Na shiga shagon na ce su ba ni wadda ta fi kowace sabunta. Na ce surukina injiniya ne, kada su kawo min ta yara. Ka cire ɗaya daga cikin tsofaffin nan ka sa ta."

Jibrin yana durƙushe, kansa a ƙasa. Ya karanta rubutun jikin kwalin. Tsarin sabuwar ya wuce wanda manhajar ta sani, tsohon tsarin kuma ba zai zauna a cikinta ba, don bai san kayan cikinta ba. Ba za ta taɓa tsayawa bayan tsohuwar a sahu ɗaya ba.

Ya ce, "Allah Ya saka da alheri, Hajiya. Allah Ya ƙara buɗi."

Da suka koma gida Shamsiyya ta ajiye masa abinci, ya zauna yana kallon kwanon.

"Abban Umair, tuwon ne ya yi maka laifi?"

Ya faɗa mata komai.

"To ka gaya mata mana."

"In dubi Hajiya in ce kayan da ta ɗauko tun daga Dubai ba su da amfani?"

"Bar ni da ita. Uwata ce, ta saba da bakina."

"Kada ki soma. Sai ta ga kamar abin da na haɗa ne ƙarami, ba ya ɗaukar babba. Ni da na ce mata ba ya mutuwa."

Shamsiyya ta dube shi. "Au. Ashe ba kunyar ce kaɗai ba."

Ya ce ta yi haƙuri, masu manhajar za su fito da sabon zubi da zai karɓi irin wannan kwamfuta, ɗan jira ne kawai. Ya sa ta yi alkawarin yin shiru.

Haka ya cire ta biyun ya sa sabuwar. Ta kama, fitilunta suka yi kore, Hajiya ta tsaya tana murmushi. Sannan ta nuna wadda aka cire ta ce, "Wannan kuma kada ta ci mana wuri. A kai wa Malam Gambo makarantarsa ta Islamiyya, sadaka ce, yara su koya."

Jibrin da kansa ya ɗora ta a adaidaita-sahu.

Daga nan barci ya ƙaurace masa. Kullum sai ya biya asibitin ya dafa tsohuwar kwamfutar kamar mai duba zazzaɓin yaro. Kullum sai ya leƙa shafin masu manhajar, ya tarar da maganar jiya: wannan iri ba mu karɓe shi ba tukuna. Damina ta wuce, sanyi ya wuce. Nakan gan shi a masallaci, ana sallamewa hannunsa na aljihu yana laluben waya. Ya rame. Na ɗauka azumin nafila yake yi, har na yi masa addu'a a kan haka.

Ranar da abin ya faru ranar awon ciki ce, cikin tsananin zafi. Litinin ko Talata, ba zan rantse ba. Da hantsi aka kawo wuta da ƙarfi, tsohuwar ta yi wani ɗan ƙara ta mutu. Sabuwar tana gefe, fitilunta kore, fankarta na juyawa. Ba ta ɗauki komai ba.

Benci cike da mata, wasu a tabarma. A cikinsu akwai wata Uwani, cikinta ya tsufa, ƙafafunta sun kumbura, kanta na sarawa. Aka gwada jininta ya hau sosai. Hajiya ta tambaye ta maganin da take sha.

"Wani fari ne ƙarami. Akwai kuma wanda kuka ce kada a ƙara ba ni, wanda ya taɓa toshe min numfashi."

"Wanne ne shi?"

"Hajiya, ai ku kuka rubuta."

Hajiya ba ta yi wa ran mutum cinta-cinta. Ta sa direbanta da wata nas suka wuce da Uwani babban asibiti, ta ce a gaya wa likitoci akwai maganin da jikinta ba ya so, za a kira a faɗi sunansa. Sannan ta nufi ɗakin sanyi, inda Jibrin ya riga ya iso yana tsugune, gumi ya jiƙa masa riga.

"Injiniya, wannan ta mutu, na gani. Waccan me take jira?"

Bai ɗago ba. "Ba za ta ɗauka ba, Hajiya. Ba su taɓa haɗuwa ba."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar da aka kawo ta."

"Bayanan matan fa?"

"Suna nan a rumbu, ba abin da ya same su. Amma wadda za ta iya buɗe su yau ita ce wadda aka kai wa Malam Gambo."

Ku da kuka sani, kun san nauyin mutum ya ba da abu don Allah, sannan ya koma ya ce a dawo masa da shi. Hajiya kuwa mace ce da ko zanen da ta ba da aro ba ta tambaya.

Ta gyara mayafinta.

"Ni zan je, Hajiya," in ji Jibrin.

"Kai ka bayar?"

Suka shiga lungu, tana gaba tana jan ƙafa saboda ciwon gwiwa, yana biye. Suka tarar da Malam Gambo a zauren makaranta. Hajiya ta gaishe shi, ta tambayi iyali, ta tambayi ɗalibai, ta sake tambayar iyali. Da gaisuwa ta ƙare ta ce, "Malam, na zo da abin da ban taɓa yi ba a rayuwata."

Malam Gambo dattijo ne mai gane fuska. Ya saurare ta har ƙarshe, ya nuna kusurwa, inda kwamfutar ke zaune an rufa mata tsohon bargo.

"Hajiya, ai ajiya kika ba mu. Mu ko inda ake kunna ta ba mu gano ba, ga shi wuta sai ta ga dama."

"Zan aiko muku da sabuwar a madadinta."

"To madalla. Bargon zai ishe ta."

Hajiya ta yi ɗan murmushi, amma idonta ya cika.

Aka ɗauko kwamfutar, Jibrin ya haɗa ta da rumbu, wajen la'asar aiki ya dawo. Aka nemo sunan maganin, aka kira babban asibiti. Allah Ya kiyaye, ba a ba ta shi ba. Daga baya Uwani ta sauka lafiya, mace ta haifa in ban manta ba. Sauran matan kuwa mafi yawansu sun gaji sun tafi ba a duba su ba, wasu ba su ƙara dawowa ba.

Da asibitin ya yi shiru, Hajiya ta zauna a bencin da matan suka bari, ta zare takalmanta. Jibrin ya durƙusa daga nesa.

"Baban Umair," ta ce. Ran nan ne karo na farko da ba ta ce Injiniya ba. "Da ka ce min ba za ta yi ba, haushin yini ɗaya zan ji, in huce. Kunyar da ka ƙi ji a ɗakina, ni na ɗauke ta na kai ƙofar mutane. Uwani kuma da ranta muka yi wasa."

"Ki yafe min, Hajiya."

"Na yafe. Matso nan. Ka faɗa min duk abin da na'urar nan ba ta iyawa, tun daga farko, kada ka rage."

Ya matso ya fara. Ya ce dole biyun su zama tsara. Ya ce yanzu ɗaya ce ta rage, ba ta da na'ibi sai an samo mata irinta. Ya ce in wuta ta ƙone su tare ba mai ɗaukar wata, in rumbun ya lalace dukansu sun tsaya. Hajiya tana gyaɗa kai, tana murza gwiwarta, har aka kira magariba.

Har yau Baban Umair take ce masa. Na tambaye shi ko abin na damunsa, ya ce, "Malam, ni dai yanzu ina barci."

Darasi: Duk abin da ɗan Adam ya ƙera yana da iyaka, kuma faɗin iyakar yana cikin amanar aikin. Kada kunya ko son a yabe ka su hana ka ce wa babba "ba zai yiwu ba" tun abin yana ƙarami, domin nauyin da ka ƙi ɗauka wani ne zai ɗauke shi, wataƙila wanda bai ji ba bai gani ba. Ku tura wa 'yan uwa masu sana'a, da iyayen da ke ba su aiki, ko Allah Ya sa wani ya amfana.