Jinkar Bushiya

Ga ta nan, ga ta nanku, yara.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

An yi wata tsohuwar Bushiya a garin namun daji, ɗakinta ne na ƙarshe ta gabas. Ba ɗa, ba jika. Mijinta ne ya ɗora mata jinkar kafin ya rasu, kuma duk duniya ba ta da abin da ya fi jinkar nan.

Wani rani gobara ta taso daga daji, iska na koro ta gari. Aka taru ana salati. Malam Dila ya ce, "Wuta ciyawa take bi. A yaye jinkar da ke bakin gari, in ta zo ta rasa abin kamawa. Ɗaki ɗaya ya tafi, gari ya tsira."

Kowa ya juya ya dubi Bushiya.

Ta ce, "Malam, hannun maigidana ne a jinkar nan."

Ya ce, "Haƙuri, Iya. Gobe za mu yi gayya mu ɗora miki sabuwa."

Ta dubi 'ya'yan Zomo suna kuka, ta ce a yaye. Aka yaye, aka watsar. Wuta ta zo ta lashe ciyawar a ƙasa, ta mutu a nan. Dila fa bai yi ƙarya ba, gari ya tsira. Aka yi ta kiɗa ana yi masa kirari.

Gari ya waye, Bushiya ta share wuri tana jiran 'yan gayya. Shiru.

Ta je wurin Zomo. "Ɗana, gayyar fa?" Ya ce, "Iya, ai gari ya tsira."

Ta je wurin Barewa. "'Yata, gayyar fa?" Ta ce, "Iya, ai gari ya tsira."

Ta je wurin Dila. Ko fitowa bai yi ba, daga ciki ya ce, "Ai gari ya tsira."

Damina ta sauka a kanta. Kaɗaici ya ishe ta, ba mai ce mata sannu. Sai ta fita daji, ta dunƙule, ta mai da ƙayarta waje, ta zama ɗakin kanta.

Rani ya zagayo, gobara ta dawo. To, da aka yaye ɗakin Bushiya, na wa ya zama na ƙarshe? Na Malam Dila. Ya ce, "Ku dakata mu yi shawara." Suka ce, "Ɗaki ɗaya ya tafi, gari ya tsira." Suka yaye, kuma ba wanda ya yi masa gayya.

Yana yawo a daji ya iske Bushiya a dunƙule. Ya ce, "Iya, buɗe mini."

Daga ciki ta ce, "Ai gari ya tsira."

Har yau ba ta buɗe wa kowa. Ku ji ni, yara: in an yaye ɗakin wani don ku kwana lafiya, da sassafe ku ɗauko ciyawa.

Ƙurunƙus kan ɓera.