Dungu da Hancin Aro

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, Kaka, mun matso.

An yi wani maharbi mai suna Anaruwa, yana zaune a wani ƙauye a bakin daji da matarsa Kyauta. Ba shi da gonar kirki, abin da ya mallaka shi ne kwari da baka, sai wata karya mai launin toka, wadda don haka ake kiranta Toka. Sun daɗe suna farauta tare. In ya harbi barewa ta gudu da kibiya, Toka ce ke bin sawunta har inda ta faɗi.

To, tsufa ya kama Toka, hancinta ya mutu. Har ta kai ana soya nama a tsakar gida ba ta sani ba, sai in ta ji ƙarar mai. Naman da Anaruwa ya harba ya riƙa ɓacewa a daji, kuraye na cin rabonsu, gida kuwa kullum miya lami.

Sai Anaruwa ya samo wani kwikwiyo mai guntun bindi, ya sa masa suna Dungu. Ya kai shi gaban Toka, ya ce ta koya masa bin sawu kafin damina ta kankama. Toka ta dubi kwikwiyon yana ta cizon ƙafar kansa, ta yi ajiyar zuciya, ta ce za ta gwada.

Kowace safiya Anaruwa sai ya ɗaure fatar zomo da igiya, ya ja ta a ƙasa daga ƙofar gida zuwa bayan gari, ya ɓoye tsokar nama a inda ya tsaya, ya dawo. Toka kuma ta ce wa Dungu ya sa hanci a ƙasa, ya riƙe wari guda, kada ya ɗaga kai sai ya kai ƙarshe.

Ranar farko Dungu ya sa hanci, ya yi taku goma, sai ƙanshin daddawa ya buge shi. Ya bi shi har madafin wata mata, ta raka shi da muciya. Rana ta biyu ya yi taku ashirin, ƙadangare ya gilma, ya bi shi ya yi karo da katanga. Rana ta uku kuwa ya sa hanci da gaske, har Toka ta fara murna, ashe sawun kansa yake bi. Sau bakwai ya kewaya rumbu, jiri ya kwashe shi ya zube.

Toka ta ce, "Kai yaron nan, wannan hancin ado aka manna maka?"

Dungu ya ce ai ƙasar ce wari ya yi mata yawa, kuma wuyansa ya gaji da sunkuyo. Anaruwa ya cire hula ya sosa kai, ya ce in aka ƙara mako guda a haka zai mayar da shi inda ya ɗauko shi.

Duk abin nan Gizo na bisa tsamiya yana kallo, kuma daga can yana hangen inda ake ɓoye naman. Da Dungu ya zo gindin tsamiyar yana haki, Gizo ya sauko, ya yi masa sannu, ya ce tsohuwar nan wahalar da shi kawai take yi. Mene ne na goga hanci a ƙasa alhali ga mai idanu a sama? Kowace safiya ya biyo ta nan a gaya masa wurin, in ya samu naman su raba biyu. Dungu ya ga ai babu abin da ya fi wannan sauƙi.

Washegari aka ja fata, Dungu ya zabura, ya biya ta tsamiya, ya nufi suri, ga nama. Kashegari kuma cikin kogon kuka. Rana ta uku ƙarƙashin wani dutse. Anaruwa ya shiga gari yana cika baki, wai bai taɓa ganin kare mai hanci irin nasa ba.

Toka dai sai ta duba hancin Dungu, ta gan shi fes, ko ƙura babu. Ta sami Anaruwa ta ce masa yaron nan ba sawu yake bi ba, akwai mai gaya masa. Anaruwa ya yi dariya, ya ce kishi ne ke damunta don yaro ya fi ta. Toka ta ce to madalla, ta koma inuwa ta kwanta, ta juya musu baya.

Ana nan, wata safiya Anaruwa ya fita shi kaɗai duba tarkunansa, ya ce kafin hantsi zai dawo. Hantsi ya yi, ba shi. Azahar ta yi, ba shi. Ga hadari ya fara haɗuwa a gabas. Hankalin Kyauta ya tashi. Ta ɗauko tsohuwar hular mijinta ta kai wa Dungu hanci, ta roƙe shi ya nemo shi kafin ruwa ya wanke sawu.

Dungu ya ruga tsamiya. Gizo kuwa barci yake yi lokacin da maharbin ya fita, bai san ko ta ina ya bi ba. Amma ya ce ya sani sarai, sai dai yunwa ta hana shi tunawa. Dungu ya koma gida ya saci naman da Kyauta ta shanya, ya kawo masa. Gizo ya cinye, ya ce ya tafi bakin rafi. Dungu ya je, babu kowa sai kwaɗi. Ya dawo, Gizo ya ce au, ya manta ne, a ƙara masa nama. Ya ci, ya ce gindin giginya. Dungu ya je, babu kowa. Karo na uku Gizo ya lashe baki ya ce bayan dutse, shi ma wayam. Da Dungu ya sake dawowa, Gizo ya haye can ƙololuwa, ya ce shi fa yanzu cikinsa ya cika, kada a dame shi.

Dungu ya ja ƙafa ya koma gida, ya durƙusa gaban Toka ya faɗa mata komai. Toka ta buɗe baki za ta yi faɗa, ta dubi hadarin da ya yi baƙi, ta haɗiye.

Ta ce, "Tashi. Ni ba ni da hanci, kai ba ka da hankali. Mu haɗa, ko ma samu kare guda."

Ta sa Kyauta ta sake kawo hular, ta kuma ce ta biyo su da igiyar guga. Dungu ya shaƙa sosai, ya sa hanci a ƙofar gida. Wari ya yi masa yawa, na kaji, na awaki, na hayaƙi. Toka ta ce kada ya yi sauri, ya nemi na hular kaɗai. Can ya tsinto shi, siriri, ya yi yamma, ba inda Gizo ya aike shi ko sau ɗaya ba.

Suna tafiya zomo ya tashi a gabansu. Dungu ya ɗaga kai, Toka ta kama kunnensa da sauran haƙoranta ta mayar da shi ƙasa. Suka isa wani fako mai duwatsu, warin ya ɓace, Dungu ya fara kuka. Toka ta ce kuka ba ya dawo da sawu, ya koma inda ya ji shi na ƙarshe, ya yi ta kewayawa yana faɗaɗawa. A kewaye na uku ya same shi. Suka iso ƙorama, ya sake ɓacewa. Ta ce ya haye ya bi gaɓar can, sama da ƙasa. Ita kuwa Toka, saboda tsufa, Kyauta ce ta ɗauke ta ta haye da ita.

Iska ta taso, yayyafi ya fara. Dungu bai ɗaga kai ba, hancinsa duk taɓo, har ya kutsa cikin wata doguwar ciyawa ya ja birki a bakin wata tsohuwar rijiya. Ya yi haushi. Daga ƙasa aka ji muryar Anaruwa a shaƙe. Ya faɗa ciki tun da safe, ƙafarsa ta karye. Kyauta ta ɗaura igiya a jikin bishiya ta jefa masa, tana ja yana taimaka mata da hannu, har ya fito. Ba su kai gida ba ruwa ya kece, irin wanda kan cika rijiya har baki.

Da aka ɗora masa ƙafar, Kyauta ta ba shi labarin da ta ji Dungu ya faɗa wa Toka, na yadda Gizo ke raɗa masa wurin nama, da naman da aka sace ya cinye. Anaruwa ya kira Toka ya ba ta haƙuri. Ta ce ta haƙura, amma gobe da safe Kyauta ta ja fata, don yaron nan har yanzu yana ɗaga kai in ya ga zomo.

Shi kuwa Gizo bai ƙara samun sukuni ba. Ya shiga rami, Dungu ya tono shi. Ya ɓuya cikin tukunya, Dungu ya kifar da ita. Ya shige ƙarƙashin tabarma, Dungu ya yaye ta. Duk inda ya taka, hancin nan na biye da shi. Da ya rasa yadda zai yi, sai ya haye rufin ɗaki ya zaro zare daga cikinsa, ya riƙa tafiya a kansa don kada ya bar sawu a ƙasa. Shi ya sa har yau can sama kuke ganinsa yana lilo.

To kun ji, jikokina. Abin da kuka koya da wahala shi ne naku, wanda wani ya raɗa muku a kunne kuwa zai watsar da ku ranar da kuka fi bukatarsa. Kuma in babba ya ce bai yarda da aikinku ba, ku tsaya ku ji dalilinsa tukuna.

Ƙungurus kan ƙusu, tawa ta ƙare a nan.